Faifan Biki na 2004 da Ya Daina Yi: A Fara Kwashe Abin da ke Ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Mile 12 a nan Legas. Ina da faifai biyu na bikina da aka ɗauka a 2004, kuma mahaifiyata marigayiya tana ciki. An rubuta VCD a jikinsu. Suna cikin jaka ɗaya da faya-fayan tafsiri da finafinai masu yawa. Idan na sa a na'ura, wani lokaci ta rubuta NO DISC, wani lokaci ya fara sai hoton ya farfashe ya tsaya. Ɗana ya ce a goge da man goge baki, maƙwabciyata ta ce zamaninsu ya wuce in haƙura. Mene ne VCD ɗin nan, kuma ana iya ceto abin da ke ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya jiƙan Mama, ya yafe mata, ya sa Aljanna ce makomarta.

Kafin dogon bayani, ga abin da nake roƙonki ki yi yau ɗin nan. Ki ciro faya-fayan bikin nan biyu daga jakar, ki riƙe su ta gefe ko ki zura yatsa a ramin tsakiya, ki sa kowanne a kwalinsa daban, ki ajiye inda rana ba ta kaiwa. Kada a shafa musu man goge baki. Kada a sake cusa su a na'urar da ta ƙi karɓarsu, kada kuma a ba yara su zagaya da su gidajen maƙwabta ana gwadawa. Aikin da ke gabanki ɗaya ne, a kwashe abin da ke ciki a mayar da shi kwamfuta. Goge-goge da gyare-gyare bayan wannan suke zuwa, in ma an buƙace su. Na haura shekara 20 ina gyaran na'urorin kallo a Agege, tun muna buɗe bidiyo mai kaset muna wanke kansa da sifirit, kuma cikin faya-fayan da aka kawo mini bayan sun lalace, waɗanda aka ɓata wajen neman gyara ba su da iyaka. Garin neman gira ake rasa ido.

VCD gajarta sunan Video CD ne. Kamfanoni huɗu suka haɗu suka fitar da ƙa'idarsa a 1993: Philips, Sony, JVC da Matsushita, wato masu Panasonic. A lokacin faifan CD na sauti ya riga ya shekara 11 a kasuwa, tunda a 1982 ya fito, mai faɗin santimita 12, yana ɗaukar minti 74. Abin da suka nema shi ne a zuba hoto mai motsi a wannan faifan, ba tare da an sauya girmansa ko saurin juyawarsa ba. Kin ga ke nan dole a matse hoton matuƙa, kamar mai son cusa kayan akwati a jakar hannu. Hanyar matsewar ana kiranta MPEG-1. Hoto yana cin kilobit 1,150 a kowace daƙiƙa, sauti yana cin 224, kuma girman hoton ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, hoto 25 a daƙiƙa, a tsarin PAL da talabijin ɗin Najeriya ke bi. Saboda an ɗaure shi da saurin faifan sauti, mintin da yake ɗauka bai wuce 74 ba, ko 80 a faifan da ya ɗan fi girman ciki. Dalilin da ya sa bikinki ya zo a faifai biyu ke nan, kuma shi ya sa a wancan zamani fim mai tsawo sai an tashi an canza faifai a tsakiya.

Ba shi ne faifan kallo na farko ba. Akwai LaserDisc da ya fito a Amurka a 1978, ƙato mai faɗin santimita 30 kamar faifan garmaho, kowace fuska ba ta wuce awa ɗaya. Hotonsa ya fi na kaset kyau nesa ba kusa ba, amma tsada ta hana shi shiga gidan talaka. Sau kaɗan aka taɓa kirana in duba irin na'urarsa, kuma duk a gidajen masu hali ne can wajen Ikoyi.

VCD kuwa na kowa ne, kuma garin nan kamar don shi aka yi shi. Wanda ya ajiye kaset na bidiyo a Legas ya san abin da damina ke yi masa. Ki buɗe kabad bayan wata uku na ruwa, sai ki ga farar funfuna ta lulluɓe zaren ta cikin gilashin, in aka sa a bidiyo ta toshe kan, hoto ya koma yayyafi. Faifai ba ya wannan, ba a mayar da shi baya in an gama kallo, ga shi siriri, ɗan kasuwa ya zuba ɗaruruwa a kwali ɗaya ya ɗora wa motar Kano. Turai da Amurka ba su damu da shi ba, daga kaset suka tsallaka zuwa DVD, wanda ya fara fita a Japan a 1996. Amma a China, Hong Kong, Malesiya, Indonesiya da Indiya ya yi kasuwa ƙwarai, kuma daga can ƙananan na'urori masu araha suka riƙa kwararowa ta Apapa. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000, in kin shiga Alaba International a Ojo ko Idumota a cikin tsibiri, faifai ne ko'ina.

Akwai wani hali nasa da ya kamata ki sani, domin shi ne zai taimake ki. VCD ba shi da makulli. Ba a sa masa abin hana kwafi ba, ba a kuma raba shi yanki-yanki ba kamar yadda aka yi wa DVD, inda faifan wata nahiya ke ƙin yi a na'urar wata. Wannan ya jawo wa masu shirya finafinai asara mai yawa, na Kudu da na Arewa, domin fim na fita masu satar fasaha ke cika kasuwa da kwafinsa, har Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan masana'antun buga faifai a 2006. Na ga mutanen kirki da wannan ya karya wa jari, kuma ban taɓa ɗaukarsa ƙaramin abu ba. Sai dai wannan ƙofar da aka bari a buɗe ita ce za ta ba kwamfuta mai wurin sa faifai damar kwashe bikinki ba tare da wata dabara ba.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki sosai. Faya-fayan da ke jakarki, ko da duk an rubuta VCD a jikinsu, iri biyu ne, kuma tsawon ransu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne wanda aka buga a masana'anta. Ana narka roba a matsa ta a jikin hatimi, sai ƙananan ramukan da ke ɗauke da bayanin su fito a jikin robar kanta, a shimfiɗa mata siririn gorar ruwa don ta yi ƙyalli, a rufe da fenti. Ƙasansa fari tas kamar azurfa. Yawancin finafinan da kika saya a kasuwa irin wannan ne, kuma in ba a wulaƙanta shi ba yana daɗewa.

Na biyu shi ne wanda ake sayowa babu komai a ciki, a sa a kwamfuta a ɗora masa. Sunansa CD-R. Shi babu waɗancan ƙananan ramukan bayani a jikinsa. Wani siririn rini ne a ciki, haske mai zafi ya bi yana ƙona shi ɗigo-ɗigo, na'ura kuma ta riƙa karanta wurin da ya ƙone da wanda bai ƙone ba. Ki juya shi a haske za ki ga ƙasansa ya yi kore-kore, ko shuɗi-shuɗi, ko ruwan zinare, kuma in kin karkata shi za ki ga iyakar inda rubutu ya tsaya, launin ya ɗan bambanta da sauran. Mai ɗaukar biki ba zai je masana'anta don kwafi biyar ko goma ba, saboda haka ina da yaƙinin naki wannan ne. Rini kuwa kin san halinsa, ko a atamfa: rana na cin sa, zafi na cin sa, laima na cin sa. Faifan da aka ƙona a 2004 ya haura shekara 20 yana shan zafin ɗakin kwano da iskar teku mai gishiri. Yana iya zama babu ko ƙwarzane ɗaya a jikinsa, amma rubutun ciki yana dusashewa a hankali. Wannan ba ya gyaruwa da gogewa, kuma ba ya jira. Shi ya sa na ce a fara da na biki, finafinan su dakata.

Wani abin da mutane da yawa suka ɗauka a juye: wace fuska ce mai rauni? Kowa yana lallaɓa fuskar mai ƙyalli, ya kifa faifan a kan tebur ta wajen rubutu. Alhali kaurin faifan milimita 1.2 ne, kuma kusan dukkansa roba ce zalla da hasken da na'ura ke karanta faifai da shi ke ratsawa daga ƙasa. Bayanin yana can sama, dab da fuskar da aka yi wa rubutu, ba abin da ya tsare shi sai ɗan fenti da bai kai kaurin gashi ba. Ƙwarzane a ƙasa yana rikita hasken ne kawai, bayanin na nan. Ƙwarzane a sama yana yaye bayanin gaba ɗaya. A DVD ba haka ba ne, shi bayaninsa yana tsakiyar roba biyu da aka manne, kowacce milimita 0.6, don haka kada a auna ɗaya da ɗaya. Ki ɗaga faifan bikin ki saita shi da ƙwan lantarki, fuskar rubutu tana kallon ƙwan. In kin ga ƙananan ɗigon haske suna ɓullowa kamar taurari, wuraren nan sun tafi, amma abin da ke kewaye da su yana nan. In akwai takardar da aka manna mai hoton ango da amarya, ko da ta fara ɗagowa, kada ki ɓare ta. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini faifan sunan ɗanta, ta ɓare takardar don ta ga ta yi datti. Takardar ta taho da ƙyallin a manne a bayanta, faifan ya koma roba garau ana hango yatsa ta cikinsa. Ta ajiye takardar a kan teburina tana tambaya ko za a iya mayarwa. Ba a iyawa. Har yau ina jin nauyin amsar da na ba ta.

Batun farfashewar hoto yana da dalili biyu da suka haɗu. A faifan kwamfuta na yau da kullum, kowane ɗan sashe yana ɗaukar bayit 2,048 na bayani, sauran wurin an ware shi don gyara kuskure in an samu. A VCD an sadaukar da wani kaso na wannan kariyar don a samu wuri, sashen ya koma ɗaukar 2,324. Da haka ne faifan da aka rubuta wa megabayit 700 ke ɗaukar kusan 800 na bidiyo. Ribar ke nan, kuɗinta kuma shi ne ƙaramin lahani yana bayyana a fuskar talabijin. Na biyu, MPEG-1 ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yana ajiye cikakke ɗaya kamar sau biyu a daƙiƙa, waɗanda ke tsakani kuma bambanci kawai ake rubutawa, cewa hannu ya matsa nan, mayafi ya karkata can, a ƙananan murabba'ai masu ɗigo 16 kowane gefe. In na'ura ta rasa wani yanki, sai murabba'an nan su watse kore da ja, sauti ya yi ƙyas, har sai cikakken hoto na gaba ya iso. In ta rasa da yawa sai ta tsaya cak.

Inda lahanin yake a jikin faifan ma yana da magana. Rubutun layi ɗaya ne da ya naɗe kamar faifan kaba, tsawonsa ya haura kilomita 5, kuma daga tsakiya ake farawa a nufi baki. Jadawalin da ke gaya wa na'ura abin da ke ciki yana can kusa da ramin. Lahani a nan shi ke kawo NO DISC ko da sauran faifan lafiya lau. Lahani a bakin faifai kuwa ƙarshen taron yake taɓawa.

Amma ban yarda a yanke wa faifanki hukunci da bakin wannan na'urar ba. Tunda kin ce wani lokaci yana farawa, ina kyautata zaton jadawalin yana nan, kuma rabin laifin na na'urar ne. Ki gwada ta da faifan fim uku masu farin ƙasa, waɗanda ba ki damu da su ba. In ta ƙi su duka, ita ce ba ta da lafiya. In ta karɓe su ta ƙi na biki kaɗai, idonta ne ya raunana, domin faifan da aka ƙona ba ya mayar da haske da ƙarfi kamar bugun masana'anta, kuma shi ne farkon wanda tsohon ido ke kasa gani. Idon nan ɗan gilashi ne da bai kai ƙwayar wake ba, yana hawa yana sauka a kan siraran wayoyi. Ƙura na rufe shi, hayaƙin janareto da na girki na sa masa maiƙo, kyankyasai na shiga su yi gida a gefensa. Sau da yawa in na buɗe, ɗan auduga a tsinke da ɗigon sifirit ya wadatar. Wani lokaci motar da ke juya faifan ce ta gaji, ki ji tana yunƙuri tana tsayawa. Wani lokaci siririyar wayar nan mai faɗi da ke bin idon gaba da baya ce ta karye daga ciki. In an buɗe murfi, kada kowa ya leƙa idon yana kunne. Hasken CD na nanomita 780 ne, ido bai cika ganinsa ba, amma yana nan. Na DVD shi ne ja, mai 650, kuma wannan bambancin ya sa wasu na'urorin DVD na farko-farko ba sa ganin faifan da aka ƙona sam. Ko ma dai na'urar ta gyaru, don sauran faya-fayan ne. Na biki kwamfuta za su.

Ga yadda kwashewar take. Ana buƙatar kwamfuta mai Windows da ke da wurin sa faifai. Sababbin laftof sun daina zuwa da shi, amma ana sayar da na waje mai shiga ta USB, ana samu a Computer Village da ke Ikeja ko a Alaba. In aka sa faifan aka buɗe, za a ga 'yan jakunkuna. Wadda ake nema sunanta MPEGAV, a cikinta akwai fayil mai suna AVSEQ01.DAT, wataƙila da AVSEQ02.DAT da na gaba in mai ɗaukar ya raba taron kashi-kashi, kamu daban, ɗaurin aure daban, kai amarya daban. Waɗannan su ne bidiyon. A kwafe su zuwa kwamfutar kamar kowane fayil. Minti ɗaya yana cin kimanin megabayit 10, saboda haka faifanki biyu ba za su kai gigabayit 2 ba. Manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana buɗe su kai tsaye. A ware wa kowane faifai jakarsa, domin sunayen fayilolin iri ɗaya ne, kuma na sha ganin an ɗora na biyu a kan na farko ya shafe shi.

In kwafin ya tsaya a tsakiya kwamfuta ta ce ta kasa karantawa, a nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo zai ce faifan ya mutu. Wanda ya san aiki zai ɗauko manhaja irin IsoBuster, wadda ke bin faifan sashe-sashe, ta sake gwada wurin da ya ƙi, in ya gagara ta tsallake shi ta ci gaba. Asarar daƙiƙa uku a cikin minti 70 ba asara ba ce in aka kwatanta da rasa duka. Sannan a gwada a wata kwamfutar, domin idanunsu ba ɗaya ba ne. Ina da tsohuwar ma'ajiyar faifai da na ciro daga wata babbar kwamfuta ta tebur, na ƙi rabuwa da ita, saboda tana karanta abin da sababbi biyu suka ƙi. Karatu a hankali ya fi karatu da gudu, in manhajar ta ba da damar rage saurin, a rage.

Sai bayan an yi wannan gwajin na farko, an adana duk abin da ya fito, sannan a taɓa faifan da ruwa. Ruwa mai tsabta, ɗigon sabulun wanke kwano, a shafa da tafin yatsa a fuskar mai ƙyalli, a ɗauraye ba tare da an jiƙa takardar sama ba, a tsane da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau. Shafar daga tsakiya zuwa baki ake yi, a miƙe. Ba a zagayawa, domin ƙwarzanen da ya bi zagaye yana kwanciya a kan layin rubutu ya rufe dogon yanki, wanda ya ratsa kuwa ɗan kaɗan yake taɓawa a kowane layi, na'ura ta cike gurbin. Fetur, kananzir, tina da abin goge farce duk suna cin robar. Da yawa daga faya-fayan da ake cewa sun mutu, shatin yatsa ne da maiƙo kawai.

Maganar ɗanki ba daga iska ya ɗauko ta ba. Man goge baki yana da ɗan kaushi, yana kankare bakin ƙwarzane mara zurfi har haske ya ratsa. Yana yi wani lokaci. Amma yana barin hazo a robar, yana shiga ƙarƙashin takarda, kuma ba ya komai ga rinin da ya dusashe. In ƙwarzanen ƙasa ne da gaske ya hana, akwai injin da ke wanke fuskar faifai daidai wa daida, ya fi hannu aminci. Wannan shi ne matakin ƙarshe, ba a yin sa sai an tabbata an kwashi abin da za a iya kwasa.

In ba a gida za a yi ba, shago za ki kai, to ki tafi da ɗanki ku zauna a yi a gabanku. Aikin faifai mai lafiya bai wuce 'yan mintuna ba. Kada ki bar shi a ce ki dawo jibi, ba don zargin kowa ba, sai don na san yadda teburin shago yake, faifai a kan faifai, sukundireba a gefe. Ki ce a ba ki fayil ɗin DAT ɗin kansa yadda ya fito, sannan a yi miki wani kwafin MP4 don waya da talabijin. HandBrake na yin wannan juyin, ita ma kyauta ce. Dalilin riƙe na asalin shi ne duk juyi yana rage wani abu, kuma hoton da dama bai da yawa ba a so a riƙa tatsarsa. Wasu suna kunna faifan a na'ura su ɗauka ta wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Wannan sai in babu wata hanya. Kafin ki biya, ki sa a buɗe farko, tsakiya da mintunan ƙarshe na kowane fayil, ki ji sauti yana tafiya tare da baki.

Gara in gaya miki tun yanzu don kada ranki ya ɓaci: hoton ba zai yi kyan da kike tunawa ba. Ba lalacewa ya yi ba. Ɗigonsa 101,376 ne gaba ɗaya. Talabijin na bango mai 1920 da 1080 yana da sama da miliyan 2, ninki 20 ke nan, don haka kowane ɗigo sai an buɗa shi ya cike wurin ashirin. Tsohon talabijin mai ƙeya yana lulluɓe wannan da laushin hotonsa, na yanzu kuwa tona shi yake. A waya ko ƙaramin allo zai fi kyau. A babban allo ki sa shi a 4:3, a bar baƙi a gefe biyu, kada a ja shi ya cika bango fuskoki su baje. Duk wanda ya ce zai mayar miki da shi HD, girman kawai zai ƙara. Akwai manhajojin zamani da ke ƙirƙiro abin da babu don hoto ya yi kaifi, kuma suna iya sauya kamannin mutum. A fuskar mahaifiya ni ban ba da shawarar wannan ba. Sautin kuwa za ki same shi garau, domin kilobit 224 a daƙiƙa ba kaɗan ba ne ga murya, kuma sau da yawa muryar ce ke fara sa mutane hawaye a shagona kafin hoton.

In an gama, kada kwafin ya zauna wuri ɗaya. Filas na ɓata, yana kuma iya mutuwa ba sallama. Ki sa ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filas, ɗaya a ma'ajiyar intanet irin Google Drive, ki tura wa 'yan'uwa a gida su ma su riƙe. In ta WhatsApp ne, a tura shi a matsayin fayil, domin in aka tura a matsayin bidiyo yana sake matse shi. Faifan kuma kada a yar. A sa shi a kwalin roba mai ƙarfi, a tsaye kamar littafi, nesa da bango mai tsattsafo da saman firji. Ledar nan mai laushi da ake sayar da faifai a ciki tana mannewa da fenti in ta sha zafi. In za a yi rubutu, a ɗan farin zoben tsakiya da maka mai laushi, ban da biro.

Sauran jakar ma ban goyi bayan maƙwabciyarki ba, ko da yake ba duka ke da daraja ɗaya ba. Masu fim ashirin a faifai ɗaya da ake sayarwa a go-sulo DVD ne da aka cusa wa hoto mai ƙarancin inganci, ba abin da za a yi kuka a kai. In kin ga mai SVCD, ƙanen VCD ne da ya fito a 1998, hotonsa ya ɗan fi, jakarsa a kwamfuta MPEG2 take, kwashewar iri ɗaya ce. Waɗanda nake so ki ware su ne na tafsiri da wa'azi masu koren ƙasa da rubutun hannu. Karatun manyan malamai an riga an ɗora da yawa a intanet. Amma tafsirin da aka ɗauka a masallacin unguwa a Agege ko Idi-Araba ko nan Mile 12, wanda wani yaro ya ƙona kwafi talatin ya sayar a ƙofar masallaci bayan tarawihi, mai yiwuwa naki ne ya rage. Haka tsofaffin finafinan Hausa da kamfanoninsu suka rufe. Ki jera su bayan na biki, masu koren ƙasa a gaba, masu farin ƙasa a baya.

Ranar da bidiyon ya buɗe, ki kira wata babba a dangi, gwaggo ko inna da ta halarci bikin, ku kalla tare, ɗanki na gefe da takarda. Duk fuskar da ta wuce a tsayar, a faɗi sunanta da dangantakarta da ku, ya rubuta tare da mintin da ta fito. A buga wannan a ɗan fayil, a ajiye shi a jaka ɗaya da bidiyon, ya bi kowane kwafi da za a tura.

Allah ya sa a same shi cikakke, Hajiya. In an gwada ya tsaya, ki rubuto mini daidai mintin da ya tsaya da launin ƙasan faifan, daga nan zan san abin da za a gwada na gaba.